Watan gwaji a kulob ɗin faɗa: boksin, judo da jiu-jitsu a idon ɗan koyo

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, kuma da ba don wasu abubuwa biyu ba wallahi biyar ɗin zan bayar cif. Kulob ne na wasannin faɗa da suke da wani tsari na sabbin shiga, ka yi rajista sau ɗaya sai a bar ka wata guda kana leƙa duk ajin da ka ga dama, boksin, judo, jiu-jitsu irin na Brazil, har da Muay Thai, damben ƙasar Thailand, wasu ranaku, kafin ka tsayar da inda za ka zauna. Ni dai na haura talatin, aikin zama nake yi gaban kwamfuta daga safe har yamma, ban taɓa naushin kowa ba kuma ba a taɓa naushina ba, don haka duk abin da zan faɗa a nan ganin ɗan koyo ne, masu baƙin bel, wato ƙwararru, ku yi mini uzuri.

Shi tsarin kansa ya yi, don gaskiya bidiyon YouTube ba zai zaɓa maka wasa ba. A bidiyo kullum kai ne mai naushin, kai ne mai kayarwar. Sai ka shiga aji za ka gane cewa rabin lokacin kai ake yi wa, kuma ainihin abin da kake zaɓa shi ne wace irin wahala ce jikinka da zuciyarka za su iya ɗauka kuma gobe ka dawo: a taɓa maka fuska, ko a ɗaga ka a maka da ƙasa, ko wani ƙato mai gumi ya danne maka ƙirji kana neman numfashi. Akwai wanda naushi ba ya damunsa sam amma da an danne shi sai hankalinsa ya tashi, akwai kuma wanda akasin haka ne, kuma ba ka sanin wanne ne kai sai ka gwada.

A teburin karɓar baƙi sun ba ni fom, tambayoyin lafiya ne, tsohon ciwo, asma, hawan jini, ko an taɓa yi maka aiki. Na ji daɗin wannan, kuma ba ajiyewa kawai suka yi ba, don kocin judo ya tambaye ni batun gwiwata tun kafin in buɗe baki. Kayan aro ma suna bayarwa cikin watan, safar hannu da rigar judo. Rigar a wanke take. Safar hannun kuwa, kai jama'a, warinta kamar safar ƙafa da ta kwana a ƙulle cikin leda, ka wanke hannu da sabulu har ka gaji yana nan.

Boksin na fara shiga. Ranar farko ba ka naushin komai sai iska. Tsallen igiya, sannan tsayuwa gaban madubi, ƙafar hagu gaba in kai badame ne, haɓa ƙasa, hannu biyu a kumatu, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Akwai agogo a bango mai ƙararrawa, minti 3 aiki minti 1 hutu, tsarin da ya samo asali daga dokokin Queensberry na 1867, waɗanda su ne kuma suka kawo dole a sa safar hannu da ƙirga 10 in mutum ya faɗi. Kafin in shiga wajen nan minti 3 ba komai ba ne a wurina. Ka riƙe hannunka sama da safa mai oza 14 kana kai naushi kana ja da baya tukuna, kafin minti na biyu kafaɗa ta ɗauki wuta, sai ka ga hannun yana sauka da kansa ba tare da izininka ba.

Babban kocin boksin ɗin dattijo ne kuma ya iya koyarwa. Ya zaunar da mu ya nuna mana naɗa bandeji ɗaya bayan ɗaya, doguwar nan mai mita huɗu da rabi, ka saƙala a babban yatsa, ka zagaye wuyan hannu, ka hau kan gaɓɓan yatsu, ka ratsa tsakanin yatsu ka dawo wuyan hannu ka rufe, yace in ka dunƙule ya kamata ka ji ta kama, in ka buɗe kuma jini na gudu. Ya kama hannuna ya danna gaɓɓan yatsa manuni da na tsakiya yace da waɗannan biyun ake dukan buhu, don ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa siriri ne kuma shi ne yake yawan karyewa a hannun masu kai naushi barkatai. Sai jab, naushin nan na hannun gaba mai tafiya kai tsaye. Abu ne mai sauƙin gani amma a kansa muka daɗe, kuma duk lokacin da ka kai naushi ba ka mayar da hannu kumatu ba sai ya ɗan taɓa maka kunci da fad ɗin da yake riƙe da shi, wato matashin da ake tare naushi da shi, a hankali, ba ya cewa komai, yana murmushi. Taɓawar nan ta fi ihu koyar da mutum. Ta ɓangaren motsa jiki kuwa babu ajin da ya kai boksin fitar da gumi, ka fito rigarka sharkaf, barci kuma ranar sai an tashe ka.

To ga ƙorafina na farko, kuma shi ya sa ajin boksin shi kaɗai uku zan ba shi. Ranakun da dattijon ba ya nan akwai wani mataimaki matashi da yake karɓar ajin, shi kuma ra'ayinsa wai ba a koyon faɗa sai an sha duka. Yaran da ko tsayuwa ba su gama iyawa ba sai ya sa musu hular kariya ya tura su cikin filin dambe su yi sifarin, wato damben gwaji da juna. Na ga wani yaro ɗan jami'a, siriri, an haɗa shi da wanda ya daɗe a wajen, yaron ya rufe ido ya juya ƙeya yana kai hannu ko ta ina, kafin a gama turmin farko haɓo ya ɓalle masa, ya fito yana dariyar yaƙe yana cewa ba komai, kuma ban ƙara ganinsa a kulob ɗin ba. Da ya juyo kaina nace ni ba yanzu ba, sai yace ai akwai hula me kake tsoro. Nan ne raina ya ɓaci, don wannan magana ba daidai ba ce kuma koci bai kamata ya faɗe ta ba. Hular tana kare yanka da kumburi, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai in naushi ya juya maka kai. Hukumar duniya mai kula da damben waɗanda ba sana'a suka ɗauke shi ba ma a 2013 ta cire hular ga manyan maza, a gasar Olamfik ta Rio 2016 maza ba hula suka yi wasa. Kuma abin da likitoci suke jan kunne a kai shi ne dukan da ake ta sha a kai shekara da shekaru, har da ƙanana waɗanda ba sa kai mutum ƙasa. Wanda yake son shiga gasa wannan lissafinsa ne, ya san abin da ya saya. Amma mutumin da ya zo rage tumbi, da ƙwaƙwalwar nan zai je aiki gobe, kuma zai iya shekaru yana buhu da fad da tsallen igiya ya samu abin da ya zo nema. Sifarin mai kyau ma akwai shi, wanda ake taɓawa a hankali da safa mai oza 16 koci na tsaye a kai, amma wannan sai bayan mutum ya iya tsare fuskarsa. Na faɗa wa dattijon, ya girgiza kai yace zai yi magana. Har watan ya ƙare ban ga canji ba.

Judo kuma wata duniya ce daban, kuma ita ce ta sace ni. Da ka shiga akwai hoton Jigoro Kano a bango, mutumin Japan da ya ƙirƙiro judo, ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, ana ɗan sunkuyar da kai kafin a hau tatami, wato tabarmar judo, a jeru bisa launin bel, shiru kake ji. Kocin, sensei suke ce masa, ba ya barin sabon shiga ya kama rigar kowa sai ya iya faɗuwa. Ukemi kenan. Ka kwanta rigingine, ka manna haɓa a ƙirji, yace idonka a kan ƙullin bel ɗinka, sannan ka daki tabarmar da hannu biyu a miƙe, tafin hannu ƙasa, ba manne da jiki ba kuma ba a baje can sama ba, tsaka-tsaki. Daga kwance sai daga tsugune, daga tsugune sai daga tsaye, sai ta gefen dama, ta gefen hagu, sai mirginawa ta kan kafaɗa. Haka za ka yi ta faɗuwa kana tashi kai kaɗai alhali can gefe manya na ta jifa da juna tabarma na ƙara. Wasu da muka fara tare sun gaji sun koma boksin, wani yace shi bai biya kuɗi don a koya masa faɗuwa ba.

Ni kuwa ranar da aka fara jefa ni na gane amfanin abin. Wata 'yar ƙaramar mata ce mai ruwan ƙasan bel, ko kafaɗata ba ta kai ba. Ta kama kwalata da hannun rigata, ta ɗan ja ni gaba har na ji nauyina ya koma kan yatsun ƙafa, kuzushi suke kiran wannan, wato a raba ka da daidaitonka tun kafin a yi komai, sai kawai ta juya ta sa ƙugunta ƙasa da nawa, abin da na sani kuma ƙafafuna na sama ina kallon fitilar silin. Hannuna ya daki tabarma da kansa, haɓa na ƙirji, ƙara ta tashi fam, kuma ban ji zafin komai ba. Tana riƙe da hannun rigata har na sauka, ta ɗan ja sama don kaina kada ya bugu. O-goshi sunan kamun. Na tashi ina dariya nace a sake.

Abin da ya fi burge ni da sensei ɗin nan, ba ya haɗa farin bel da farin bel a farko. Yace mutum mafi haɗari a ɗakin nan shi ne sabon shiga mai ƙarfi, don bai san inda ƙarfinsa yake zuwa ba, zai sandare, zai faɗo maka a kai, zai tura ƙafa ta gefen gwiwarka. Don haka kullum da mai bel babba ake haɗa ka, su kuma suna barinka ka kayar da su, suna gyara maka ƙafa da baki. Randori, wato karawar da kowa ke neman kayar da ɗan'uwansa, sai can wajen ƙarshen watan ya bari muka ɗanɗana, shi ma da sharaɗi.

Kada in yi ta yabo, judo na da nata. Yatsu suna cin ubansu wajen riƙon riga, duk tsofaffin ajin gaɓɓan yatsunsu a naɗe suke da filasta. Rigar kauri gare ta, kwalar tana goge wuya har ya yi ja, ga zafi. In za ka sayi taka ka sani auduga ce tana tsukewa, da ruwan sanyi ake wanke ta. Jiki kuma washegari tsami yake yi a wuraren da ban san akwai nama ba. Mai ciwon baya ko gwiwa ko wanda shekaru suka ja ya duba ƙasan wajen da kyau, nasu akwai wani abu mai ɗan lotsawa a ƙarƙashin tatamin, in ka yi tsalle za ka ji, kuma da kan siminti aka shimfiɗa shi kai tsaye da ban zauna ba. Sannan wanda ya zo da tunanin irin kamun ƙafa da yake gani a MMA, faɗan da ake haɗa dambe da kokawa, ba zai samu a nan ba, tun wajen 2010 hukumar judo ta duniya ta fara hana kama ƙafa da hannu a gasa, kulob ɗin kuma dokar gasa suke bi. Dokokin ma ba wuya: minti 4 ake wasa, ka maka mutum a bayansa da ƙarfi da iko ippon ne, wato cikakkiyar nasara, an gama, ko ka danne shi daƙiƙa 20, ko ka shaƙe shi ko ka kama masa gwiwar hannu ya sallama. Wasan ya shiga Olamfik a Tokyo 1964, na mata kuma ya zama cikakke a Barcelona 1992, kuma in ka canza gari yawanci ba za ka koma farko ba.

Jiu-jitsu ɗan'uwan judo ne, Mitsuyo Maeda ɗan Kodokan ne ya isa Brazil a 1914, iyalin Gracie suka ɗauka suka karkata shi zuwa faɗan ƙasa, duniya kuma ta farga da shi a 1993 lokacin da Royce Gracie ya ci gasar MMA ta UFC ta farko yana shaƙe mutanen da suka fi shi girma. A ajin mafi yawanci a ƙasa ake farawa, babu naushi babu jifa mai ƙarfi, kuma akwai doka ɗaya da ta fi komai: in ka ji an kama ka, ka ɗan bubbuga jikin mutum da hannu, nan take ya sake ka, a sake sabon lale. Saboda haka za ka iya sa ƙarfinka sosai tun da wuri ba tare da kanka ya sha duka ba, wannan babban abu ne ga mai aikin ofis. Amma fa dannewar nan ba wasa ba ce. Mutum ya kwanta maka a gicciye, kafaɗarsa a muƙamuƙinka, rigarsa jiƙe ta rufe maka hanci, kana turawa yana ƙara nauyi, cikin daƙiƙa kaɗan ƙarfinka ya ƙare don ka manta da numfashi. Abokin karawar ne ma yake ce mini ɗan'uwa yi numfashi, juya gefe, zame ƙugu. Mutanen ajin suna da kirki ƙwarai, sun fi kowa hira. Koyarwar ce dai ba ta da tsari ga sabo, kowa aji ɗaya, yau a nuna wani kamu mai mataki bakwai da kai ko sunan wurin da kake kwance ba ka sani ba. Kuma mai gaggawar bel ya sani baƙin bel a nan yakan ci wajen shekara 10.

Ƙorafi na biyu a nan yake, tsafta. Wasa ne da fata ke gogar fata da tabarma, makero da ƙuraje masu ruwa suna yawo a irin wuraren nan in ba a kula ba. Na ga mutane sun sauka daga tabarma ƙafa ba takalmi sun shiga banɗaki sun dawo sun hau, babu mai magana. Ajin yamma na tashi na dare na hawa ba a goge ba. A ɓangaren judo sensei yana duba farce, kuma silifas na jere a bakin tatami, in ka sauka ba su zai kira sunanka. Gini ɗaya ne fa, ban san me ya hana a yi doka ɗaya ba. Ni dai da na fito wanka nake yi nan take, rigar kuma ba ta kwana a jaka.

Muay Thai leƙawa kawai na yi, hannu, ƙafa, gwiwa, gwiwar hannu duk ana amfani da su, ƙwaurina ya daki buhu mai nauyi ya ba ni amsa, na bar wa masu shi. Ajin dai cike yake da mutane kuma suna jin daɗinsu.

Ku yi hankali da mutumin teburin gaba idan wata ya kusa ƙarewa. Zai biyo ka da takardar rajistar shekara, da daɗin baki, wai cikin wata uku za ka iya kare kanka a ko'ina. Babu koci ɗaya cikin na kirkin da ya faɗa mini haka, sensei ma cewa ya yi in ka ga wuƙa ka nemi hanya. Zai kuma so ya haɗa maka kaya jaka guda daga shagonsu. A watan farko abin da ya zama dole ka mallaka naka robar kare haƙori ce da bandeji, don waɗannan ba a aro. Robar irin wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi ka sa a baki ka cije ka danna da yatsa ta ɗauki siffar haƙoranka, in ta zauna daidai za ka buɗe baki ba ta faɗo ba. Safar hannu da riga ka bari sai ka san inda ka dosa, ko da yake warin nan na safar aro zai iya sa ka saya da wuri.

Ni a ƙarshe judo na yi rajista, wata-wata ba shekara ba, sannan na roƙa aka bar ni ina shiga boksin ranakun dattijon, buhu da fad kawai. Wanda yake son gumi da sakamako da wuri kuma ba ya son a riƙa taɓa shi, boksin zai fi masa, ya dai tambayi ranakun da babban koci yake nan kuma ya iya cewa a'a in an miƙo masa hula. Mai tsoron jifa saboda baya ko shekaru ya gwada jiu-jitsu, ya tafi da silifas ɗinsa. Abu ɗaya da za ku duba kafin ku biya shi ne jadawali, ajin judo na 'yan koyo sau biyu ne kawai a sati kuma daidai lokacin tashi daga aiki yake farawa, in ka makara minti 15 an gama ukemi sensei ba zai bar ka ka hau ba, sai dai ka zauna a benci ka yi kallo. Na ce musu su ƙara aji ɗaya a ƙarshen mako, sun ce suna dubawa.